Kawu Ba Ya Tafiya Yana Harbi

Zuwa ga 'yata, ɗiyar Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya masu jikin da kuke fama da su a asibitin naku? Mu nan lafiya ƙalau. Mahaifiyarki ta leƙo jiya, ciwon gwiwar ya lafa, bakin kuwa yana nan da ƙarfinsa. Antinki tana gaishe ki. Ni ma alhamdu lillahi, tun da shanyewar ɓarin jikin nan ta same ni ban ji ƙarfi kamar yanzu ba. Ƙafar hagu ta daina jan ƙasa, hannun ma yana nan yana lallaɓawa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Na ga kiranki, ban ɗauka ba, kuma ba zan ɗauka ba, don idan na ji muryarki a halin da nake ciki zan faɗi abin da ba ya gyaruwa. Direba ya zo duba ni, ya ce motarsa tana bi ta ƙofar asibitinku, shi ne na ce ya miƙa miki.

Ni kika cire daga tawaga? Na buɗe waya da yamma kamar kullum, na shiga garejin wasan nan namu na duba mutum-mutumina, na danna wurin tawaga, sai na tarar babu ni. Layi ɗaya kawai kika bar mini: "Kawu, na cire ka, za mu yi magana." Ko ɗan haya ana ba shi notis.

Bari in tuna miki, tunda kin manta. Ke kika zo hutu ina kwance, kika ɗauki wayata kika saka mini wasan nan ban roƙe ki ba. Kika ce mu shida ne, abokan gaba ma shida, kowa yana can inda yake da wayarsa. Kika ce fitilu biyar ne a filin, wanda ya je ya tsaya kusa da fitila sai ta koma launinmu, kuma ɓangaren da ya fi riƙe fitilu shi ke cin wasa ko da bai kashe kowa ba. Kika ce idan aka farfasa mini mutum-mutumi in ɗauko wani a gareji, har su ƙare. Na ce ni mai aski ne, me ya haɗa ni da yaƙin ƙarafa? Kika ce in dai gwada. Na gwada saboda ke, na shiga cikin abokan aikinki, da furfurata, ina ce wa sa'o'in 'ya'yana "oga".

To yau wa ya fi ni ɓarna a tawagar nan? Giwata, mutum-mutumin nan nawa mai manyan bindigogi biyu a kafaɗa, idan na kafa ta a kan gadar nan ta bayan fitilarmu, ko ɓera bai isa ya ratsa tsakiyar fili ba. Sai in jira mutum ya leƙo daga bayan gini in sakar masa, in jira bindiga ta ɗura in ƙara masa. Sau nawa sunana yake fitowa a saman allo idan an tashi? Ranar da su uku suka rutsa ki a fitilar tsakiya, garkuwarki ta mutu, wa ya ɗauke miki biyu daga nesa?

Na san aikin wane ne. Mai Gilashi ne, wannan na ɗakin magani, da yake ta yi mini ihu a kunne wai in sauko in kama fitila. Gasa ta matso, an ga tsoho zai ja ku baya. Da bare ne ya yi mini, ko a jikina. Amma ke, da kike hawa kujerar shagona ina juya ki har jiri ya kwashe ki, ke ce za ki kore ni kamar kaza ta shiga ɗaki.

Ki mayar da ni, ko ki faɗa mini laifina a rubuce.

Kawunki.

*

'Yata,

Sallama. Kowa lafiya. Antinki ta yi mura ta warke.

Shiru ma amsa ce, kuma na ji ta. Direba bai dawo ba, amma ai ba shi kaɗai ne mai mota a duniya ba, da kin so da kin aiko. Wannan a tasha na bayar a ajiye masa.

Ina nan ina wasa da baƙi, waɗanda na'ura ke haɗa ka da su, babu sallama babu sai an jima. Kowa ta kansa yake yi. Jiya biyar suka kwasa suka bi mutum ɗaya kamar an saki karnuka, aka zagaya aka kwashe fitilu huɗu a bayansu. Ina kan gada ina magana ni kaɗai, babu mai ji.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kin san mahaifiyarki ta daɗe tana bina in saki shago, wai tun da na kwanta a rufe yake, gizo-gizo ne kawai ke sana'a a ciki. Mai Waya na kusa da ni yana so ya fasa bango ya haɗa da nasa. Kullum ina cewa a dakata, 'yata ta ce hannun zai dawo. Shekaranjiya ta sake tayar da maganar, na ce mata wadda ta ce hannun zai dawo ita ce ta fara yar da ni. Idan wadda ta karanci gaɓoɓi, take aikinsu kullum, ta ga ba ni da amfani ko a wasan waya, wa zai ba ni kansa ina riƙe da aska? Na kira Mai Waya na yi masa alkawari a gabanta, ƙarshen wata ya zo ya karɓi makulli.

Ba don ki ji tausayina na faɗa miki ba, don kada ki ji a bakin wani ne.

Kawunki.

*

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da jiki, ina gaishe da Anti, Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya, sai aiki da ya yi yawa.

Takardunka biyu tare suka iso mini yau. Motar Direba ta lalace a hanya, ta daɗe a wurin makaniki, ta farkon tana kwance a akwatin gaban mota. Ni kuwa ina nan ina kira kana kashewa. Na kira Anti ta ce ka hana ta miƙa maka. Na kira Mama ta ce ita ba ta shiga rigimar wasan yara.

Kawu, da girmanka, ka yi haƙuri, amma ni ma raina a ɓace yake, kuma na fi ka dalili.

Mai Gilashi bai ce a cire ka ba. Shi ne ma ya hau ni da faɗa, wai wa ke cire mai saiti irin wannan ana gab da gasa. Ni kaɗai na yanke.

Ka tuna ranar farko? Na kama hannunka na hagu na ɗora babban yatsa a kan da'irar nan ta ƙasan allo, na ce wannan ita ce ƙafar mutum-mutumi, ka tura sama ya yi gaba, ka ja gefe ya kauce. Na ce yatsan dama shi ke juya kai, shi ke harbi. Na ce da hannu biyu ake yi. Ba don kai na saka maka wasan nan ba, Kawu, don yatsan nan ne. Na san halinka. Ƙwallon robar da aka ba ka a asibiti ka riƙa matsawa, a ƙarƙashin gado na tsince shi ya yi ƙura. Na ce abin da ba za ka yi don likita ba za ka yi shi don kada a ci ka.

Da ka fara hawa saman allo na yi ta murna, na ce hannu ya tashi. Sai wata rana aka farfasa nawa duka da wuri, na zauna ina kallon sauran wasan ta idon Giwarka. Duk mai wasa da hannu biyu yana tafiya yana harbi lokaci guda. Kai kuwa idan Giwa ta ɗaga ƙafa sai bindiga ta yi shiru, idan bindiga ta yi magana sai Giwa ta tsaya cak. Na ƙi yarda, na sake kallo washegari, haka dai. Hannu ɗaya ke aikin biyu. Ka jingina wayar a jikin wani abu kana dannawa da dama, na hagun yana kan cinya yana barci. Shi ya sa ka zaɓi mai nauyi mai dogon zango, ka hau gada ka kafe, don kada wani abu ya sa ka motsa.

In ƙarya na yi maka, ka ce ƙarya ne.

Wata da watanni ina tambayarka hannu, kana ce mini yana lallaɓawa. Yatsan da ba a motsa shi ƙagewa yake yi, kuma akwai lokacin da idan ya wuce, mu ma ba mu da dabara. Ina ganin irinsu kullum. Ni ina nan ina lissafin ranar da za ka koma shago, kai kana can kana tara suna a allo. Yanzu kuma ka ɗauki shagon gaba ɗaya ka miƙa saboda fushi da ni. Wallahi da na karanta wurin nan sai da na fita waje na sha iska.

Akwai Zomo a garejinka, ƙaramin nan mai gudu da ba ka taɓa fitarwa ba. Aikinsa zagaya fitilu, kuma idan ya tsaya wuri ɗaya ya mutu. Ka ɗauki wayar a hannu biyu ka fito da shi. Idan ka yi haka, da hannuna zan mayar da kai.

Don Allah kada ka ba da makullin nan.

'Yarka.

*

'Yata,

Sallama. Muna lafiya. Direba ya kawo takardarki da kansa yana ta sunkuyar da kai. Na ce ya tafi, nasa hukuncin yana nan tafe.

"Ba don kai na saka maka wasan nan ba." Na karanta layin nan har takardar ta yi laushi. Ashe ni ba ɗan tawaga ba ne, majinyaci ne. Ashe duk "Kawu ya yi aiki" da suke faɗa mini a kunne, irin tafin nan ne da kuke yi wa mara lafiya idan ya ɗaga cokali. Ina nan ina bugun ƙirji, ashe kowa ya san gadon asibiti aka shimfiɗa mini a tsakiyar fili. Wannan ya fi korar ciwo.

Kuma leƙen asiri ne, ki shiga idon Giwata babu sallama. A jikin flas ɗin shayi nake jingina wayar, tunda kina son sani. Ban ce ƙarya kika yi ba. Amma a nuna mini inda aka rubuta dole sai da hannu biyu.

Zomon naki na fito da shi, ba don ke ba, don in nuna miki shirme ne. Kafin ma a fara wayar ta suɓuce ta faɗo mini a cinya. Da aka fara na ce masa gaba, ya yi hagu. Yatsan janyewa yake yi ciki, kamar mota mai karkataccen sitiyari. Na yi ta zagaya gini ɗaya, 'yan ɓangarena suna wuce ni. Wani ja, na abokan gaba, ya zo ya tsaya yana kallona, bai ma yi harbi ba, na tabbata dariya yake yi, sai da ya gaji ya sallame ni da roka ɗaya. Na zo na ƙarshe a allo. Ni, da ake jin tsoron gadata. Na sake, na sake, har aka sauke ni daga rukunin da nake aka jefa ni cikin sababbin shiga. Dantsena ya yi ta zogi har kafaɗa. Antinki ta gasa mini da ruwan zafi tana dariya, wai wanzami ba ya son jarfa.

Jiya na isa fitila. Ta can gefe ce, wadda ba kowa ke zuwa ba. Na bi jikin bango ina goga shi har na kai, na tsaya, da'irar ta cika, ta koma shuɗiya, launinmu. Nan take aka kashe ni. Ban faɗa miki don ki yi murna ba.

Maganar shago kuwa, magana zarar bunu ce. Na yi wa mutum alkawari a gaban mahaifiyarki, har ya sayo katakon kanta. Tun da nake a layin nan ba a taɓa cewa na yi magana biyu ba, ba kuma zan fara da furfura ba.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Anti, kuma ka ce mata na gode da gashin da take yi maka.

Babu wanda ya san ka yi ciwo a tawagar nan. Ba na faɗin ciwon mutane, balle naka. Abin da suka sani shi ne kawuna ne, mai aski ne, kuma ba ya kuskure. Mai Gilashi da yake yi maka ihu, da ya san majinyaci ne kai da lallaɓa ka zai yi, don haka ihun nan ma shaida ce. Saman allo kuwa ba a ba da shi don tausayi. Na'ura ce ke lissafi, kuma ita ba ta da kawu.

Amma ka kama layi ɗaya ka bar takarda guda. Haka kake tun ina ƙarama.

Zogin dantse alheri ne, naman da ya yi barci ne yake farkawa. Ka riƙa hutawa tsakanin wasa da wasa, ka sa matashi a ƙarƙashin gwiwar hannu.

Na mayar da kai. Ranar Asabar za a fara gasa, wanda aka ci ya fita. Na faɗa wa tawaga Kawu ne mai kama fitilu, da Zomo, ba Giwa. An yi mini caa. Biyu sun ce idan aka fitar da mu saboda son kai na dangi, sun bar tawagar. Na ce na ji. Ka san wahalar da na sha kafin in haɗa mutanen nan, kuma su ne hirata a garin da ba ni da kowa, don haka ka san abin da na ɗora a kanka. Idan na hango Giwa a kan gada, a tsakiyar wasa zan kashe wayata.

Magana biyun da kake gudu, ka auna ta da zaman gida kana kallon bango. Kunyar rana ɗaya ce. Ni dai na faɗa.

'Yarka.

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan ke ma haka. Na daina kashe kiranki, amma wannan ba a waya zan faɗa ba, don ba na so ki ji muryata ta canza.

Kin ga wasan ta naki ɓangaren, ba ki ga nawa ba. Na cika gareji da ƙanana, na kulle Giwa. Na sa matashin kamar yadda kika ce. Na kama fitilar gefe, aka kashe ni. Na ɗauko wani na kama ta kusa da gada, aka kashe ni. Da na uku ne na nufi ta tsakiya, wani ƙato ya fito ta bayan tanki. Ban yi tunani ba, na ja gefe ina gudu ina zuba masa wuta, yana juyawa yana nemana ina zagaya shi. Sai da ya faɗi na lura abin da na yi. Na ji Mai Gilashi yana ihu a kunnena, ke kuwa kin yi tsit, na ɗauka layinki ne ya yanke.

An ci mu dai, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Da waɗannan biyun sun tsare gefen hagu maimakon bin kisa kamar yunwa na korarsu, da ba a kwashe mana fitilu uku a minti na ƙarshe ba. Su suka zubar da wasa, kuma su ne masu bakin fita daga tawaga. Su tafi, Allah ya raka taki gona. Na san dai kin yi asara saboda ni, kuma ban manta ba.

Yanzu ki ji ta shago. Ƙarshen wata ya yi, na tafi in cika alkawari. Mahaifiyarki ta zo a matsayin shaida, ta samu benci ta zauna. Mai Waya ya shigo da tef yana auna bango tun ban miƙa makulli ba, yana cewa madubin nan sai a cire, kujerar nan sai a fitar. Ina jin kowace kalma a ƙirjina. Ana haka sai ga Direba ya leƙo, wai ko akwai saƙo.

Na dubi kansa, suma ta yi masa yawa. Na ce, "Kai ka riƙe takarda har na ba da shago. Zauna, kai za ka ba da kai."

Ya dubi hannuna na hagu, ya dubi ƙofa, sannan ya zauna. Mutumin kirki ne.

Na kaɗe kujera, na yafa masa ƙyalle, na kunna injin aski. Kin san yadda ake yi, mataji a hagu yana ɗaga suma, inji a dama yana bi ta kansa, tare suke tafiya, idan ɗaya ya tsaya an yi rami. Na fara daga ƙeya. Na yi layi ɗaya, na yi na biyu. A na uku yatsan ya janye, mataji ya faɗi ƙasa ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin benci.

Inji yana ta ƙara a hannuna. Na tsaya ina jin kunya irin wadda ban taɓa ji ba, Direba yana kallona ta madubi da rabin ƙeya.

Mai Waya ya nannaɗe tef ɗinsa ya matso kusa da kujera. Ya ce, "Baba, ka bar wahalar da kanka." Ya juya wurin mahaifiyarki ya ce, "Mama, ke ce shaida, ya yi mini alkawari."

Mahaifiyarki ta tashi daga benci. Da gwiwar nan tata ta durƙusa, ta laluba ƙarƙashin benci ta ɗauko matajin, ta goge shi da gefen mayafinta. Ta miƙe da ƙyar ta zo gabana, ta tsaya tana duban hannuwana biyu. Na kashe inji na ajiye, na miƙa mata dama. Ta ture shi, ta kamo na hagu ta sa matajin a ciki, ta matse yatsuna a kai da nata.

Sannan ta ce wa Mai Waya, "Ni ce shaida. Ni na matsa masa, ni zan ba ka haƙuri. Matsa, kana tare masa haske."

Kawunki.